Soyayya a Fagen Fama: Tarihi Ake Rayawa ko Jini Ake Wankewa?

A shekarar 2015 ƙungiyar marubuta littattafan soyayya ta Amurka ta fitar da sunayen littattafan da suka kai zagayen ƙarshe a gasarta ta shekara. Cikinsu akwai For Such a Time na Kate Breslin, wanda ya samu shiga a rukuni biyu. Labari ne na wata budurwa Bayahudiya mai suna Hadassah, wadda ke ɓoye asalinta da takardun bogi. Wani kanar na rundunar SS ta Hitila ya kuɓutar da ita daga harbi a sansanin Dachau, ya tafi da ita sansanin gwale-gwale na Theresienstadt da yake shugabanta, ta zama sakatariyarsa, a hankali zukatansu suka haɗu. Masu karatu da yawa sun yaba, sun ce labari ne na tuba da gafara, har ya sa su hawaye. Wasu kuma, musamman Yahudawan da kakanninsu suka bi ta irin waɗannan sansanoni, suka ce cin fuska ne tsagwaronsa. Theresienstadt dai ba ƙirƙirarren wuri ba ne. Yahudawa kimanin 140,000 aka tura can, kusan 33,000 suka mutu a ciki saboda yunwa da cuta, aka kwashi wasu kusan 88,000 zuwa Auschwitz da sauran mahallaka.

Littafin bai ci gasar ba, amma ƙurar ba ta lafa ba. A 2021 ƙungiyar ta ba At Love's Command na Karen Witemeyer lambar yabo. Shi kuma ya buɗe ne da jaruminsa, kyaftin na sojan doki, a tsakiyar kisan Wounded Knee na 29 ga Disamba 1890, ranar da sojojin Amurka suka kashe 'yan ƙabilar Lakota fiye da 150, wasu ma na cewa sun kai 300, da yawansu mata da yara. Sauran labarin tubarsa ce da soyayyarsa da wata likita. Cikin 'yan kwanaki aka janye lambar.

Mu a ƙasar Hausa mun saba da gardama kan littattafan soyayya, amma tamu ta fi karkata ga tarbiyyar 'yan mata. Wannan daban ce. Ita magana ce a kan matattu: ko ya halatta marubuci ya ɗauki yaƙin da ya ci rayukan mutanen gaske, ya shimfiɗa labarin masoya biyu a kansa, mai karatu ya rufe littafin yana murmushi. Kuma ɓangarorin biyu duk masu karatu ne na gaske, ba wanda za a ce bai san abin da yake faɗa ba.

Abin da magoya baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce, yaƙi bai taɓa hana mutane so ba. An yi aure a sansanin gudun hijira, an haihu a ramin ɓuya, an aika wasiƙa daga bakin daga. Svetlana Alexievich, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015, ta zauna da ɗaruruwan matan da suka yi wa Tarayyar Sobiyet yaƙin duniya na biyu ta naɗi bakinsu, kuma cikin abubuwan da suka ba ta labari har da soyayyar fagen fama, wadda tarihin hukuma bai damu da ita ba. Don haka, in ji su, wanda ya rubuta yaƙi ya cire so daga ciki, shi ne ya rage gaskiya.

Ta biyu kuwa ita ce ta fi ƙarfi. Littafin tarihi yana ba ka adadi, adadi kuwa ba ya sa ƙirji ya buga. Za a gaya maka sojojin Jamus sun yi wa birnin Leningrad ƙawanya kwana 872, daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944, dubban ɗaruruwa suka mutu, ka gyaɗa kai ka juya shafi. To amma ɗauki The Bronze Horseman na Paullina Simons, wadda ita kanta haifaffiyar Leningrad ce. Tatiana na son Alexander, hafsan soja, wanda kuma yayarta Dasha ke so, suna ɓoye abin da ke ransu don kada su karya zuciyar yayar. Mai karatu ya shiga ne don ya ga yadda wannan ƙulli zai warware. Sai ga shi yana bin Tatiana da asuba cikin sanyi mai daskarar da jini zuwa layin burodi, tana riƙe da katin rabon iyalinta. A ƙarshen 1941 rabon yaro da wanda ba ya aikin ƙarfi giram 125 ne a yini, ɗan yanki da bai cika tafin hannu ba, shi ma an cuɗa garinsa da abubuwan da ba abinci ba. Tana komawa gida ana yanka shi gida-gida, mutanen ɗakin kuma na raguwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karanta wannan ba zai sake jin sunan Leningrad ya wuce haka kawai ba. Soyayyar ce ta riƙe shi a kujera har ya ga abin da, da an ce ya zo ya gani kai tsaye, da bai zo ba.

Wannan dabara ba Turawa kaɗai suka san ta ba. Jurji Zaidan, wanda aka haifa a Beirut a 1861, ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892, ya rubuta ƙagaggun labarai fiye da ashirin kan tarihin Musulunci, irin su Fathul Andalus da Armanusa al-Misriyya da Gadatu Karbala. Kusan kowanne akwai saurayi da budurwa da yaƙi ya raba, kuma bai ɓoye manufarsa ba: soyayyar an sa ta ne don ta jawo mai karatu zuwa ga tarihi. Larabawa da yawa a littattafansa suka fara jin ɗanɗanon tarihinsu, kafin su kai ga manyan kundaye.

Akwai kuma batun mata. Tarihin yaƙi yakan bi janar-janar da taswira. Wa ya rubuta matar da aka bari da yara da tukunyar da ba komai a ciki, da sojan mamaya da aka sauke mata a ɗakin baƙi? The Nightingale na Kristin Hannah, wanda ya fito a 2015, ya sa miliyoyin mutane sun san cewa akwai matan da suka riƙa tsallakar da matuƙan jiragen ƙawance ta duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifaniya. An gina ɗaya daga taurarinsa ne a kan rayuwar Andrée de Jongh, 'yar Beljiyam da ta yi wannan aiki da gaske.

Martanin masu suka

Masu suka ba su ce ba a so a lokacin yaƙi ba. Suka ce ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin alkawarin da littafin soyayya ke ɗauka tun daga bangonsa. Ita kanta ƙungiyar marubutan ta Amurka ta gindaya sharaɗi biyu: soyayya ta zama ginshiƙin labari, ƙarshe kuma ya zama mai faranta rai. Yaƙi kuwa bai san wannan sharaɗi ba. Idan dole masoyan nan biyu su tsira, to duk wanda ya mutu a gefensu ya mutu ne don ya ƙara wa haɗuwarsu armashi. Abin ya zama kamar a kafa rumfar biki a ƙofar gidan da ake zaman makoki, a ce masu kuka su ne suka ƙawata taron.

Misalin da suka fi kawowa shi ne The Tattooist of Auschwitz na Heather Morris, wanda ya fito a 2018 ya sayu miliyoyi. Lale Sokolov mutum ne na gaske, Bayahude daga Silobakiya, wanda aka kai Auschwitz a 1942 aka ɗora shi kan aikin zana wa fursunoni lamba a damtse da allura da tawada. A can ya haɗu da Gita, suka tsira, suka yi aure, suka koma Melbourne ta Ostareliya. Bayan rasuwar Gita a 2003 ya ba Morris labarinsa. Sai dai cibiyar bincike ta gidan tarihin Auschwitz, ta hannun Wanda Witek-Malicka, ta bi littafin ta fito da kurakurai masu yawa. Littafin ya ce lambar Gita 34902 ce, alhali ita da bakinta ta shaida cewa 4562 ce. Ya nuna Lale ya samo mata maganin fenisilin a farkon 1943, lokacin da ba a samunsa a can. Wani zai ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne. Masu suka suka ce a wurin da aka shafe sunan mutum aka mayar da shi lamba, lamba ba ƙaramin abu ba ce. Kuma har yau akwai masu musun cewa an yi kisan, waɗanda duk kuskure ɗaya a sanannen littafi makami ne aka miƙa musu.

Bayan kurakurai, akwai abin da labarin ke cusawa ba tare da ya faɗa ba. Mutum kusan miliyan 1.1 aka kashe a Auschwitz, mafi yawansu ba su kwana a sansanin ba, daga jirgin ƙasa sai ɗakin iskar guba. Idan abin da mai karatu ya fita da shi shi ne so da dabara da ƙarfin zuciya suna tserar da mutum, me ya ce ke nan game da waɗanda ba su tsira ba? Ba su iya so ba ne?

Sai kuma tsohon misali, Gone with the Wind na Margaret Mitchell, wanda ya fito a 1936, ya ci kyautar Pulitzer a 1937, aka yi fim ɗinsa a 1939. Labarin Scarlett da Rhett ne a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Mutane kusan miliyan huɗu ne ke cikin bauta a jajibirin wannan yaƙi, amma a littafin bayi masu biyayya ne da ke ƙaunar iyayengijinsu, 'yan ta'addar Ku Klux Klan kuma dattawa ne masu kare mutuncin mata. Nan, in ji masu suka, hujjar magoya baya ta juyo kansu. Ƙwarai kuwa soyayya na koyar da tarihi, kuma ta fi malamin aji iya koyarwa. Shi ya sa idan ta koyar da ƙarya, ƙaryar ke daɗewa. Al'ummomi sun tashi suna tausayin Tara, gonar su Scarlett da ta lalace, ba su tambayi wa ke noma ta ba. A Yunin 2020 kamfanin HBO Max ya sauke fim ɗin na ɗan lokaci, ya mayar da shi tare da gabatarwar wata masaniya, Jacqueline Stewart, mai bayanin abin da ya ɓoye.

Magoya baya sun sake shiri

Suka ce, da farko, ƙagaggen labari sunansa ƙagagge. Morris ba ta ce kundin bincike ta rubuta ba. Tsoho ne da ya haura tamanin ya buɗe bakinsa bayan shiru na fiye da shekara hamsin, shirun da tsoron kada a kira shi ɗan koren 'yan Nazi ya jawo. Idan ya manta lamba, bai manta matarsa ba. A ce kuma ba za a ba da labarinsa ba saboda ya tsira, wannan hukunta mutum ne don bai mutu ba.

Game da son abokin gaba, suka ce shi ma ya faru, ko an so ko an ƙi. Bayan 'yantar da Faransa an aske kan mata kimanin 20,000 a bainar jama'a bisa zargin hulɗa da Jamusawa. A Norway an tsangwami irin waɗannan mata da 'ya'yansu shekara da shekaru, har sai a 2018 firaminista Erna Solberg ta nemi gafara a madadin gwamnati. Wasu yunwa ce ta kai su, wasu tilas, wasu kuwa so ne. Adabin da ya ƙi leƙa wannan lungu ya bar waɗannan mata a hannun masu aska. Suka kuma kawo shaidar da ke da wuyar turewa: Irène Némirovsky, marubuciya 'yar asalin Yahudawa, ta rubuta Suite Française a ƙauyen Faransa tana ganin sojojin mamaya da idonta. A kashi na biyu ta nuna Lucile, matar wani fursunan yaƙi, tana jin zuciyarta na karkata ga Bruno, hafsan Jamus mai ladabi da son kiɗa da aka sauke a gidansu. An kama Némirovsky a 1942 ta mutu a Auschwitz. 'Yarta ta adana rubutun a akwati, sai a 2004 aka buga shi. Wa zai ce da ita ba ta san zafin abin ba?

Hujjarsu ta ƙarshe ta shafi raini. Hemingway ya rubuta soyayyar direban motar ɗaukar masu rauni da ma'aikaciyar jinya a A Farewell to Arms a 1929, aka kira shi babban adabi. Maza na karanta littattafan bindiga da fashewar gada inda ake kashe mutum ɗari a shafi guda, ba mai cewa sun ci mutuncin matattu. Sai littafin da mata ke rubutawa mata ke saya ake tuhuma. Wanda ya san yadda aka riƙa kallon marubutan soyayya na Kano ba zai rasa gane wannan ƙorafi ba.

Masu suka ba su janye ba

Suka ce Némirovsky shaidarmu ce, ba taku ba. A karanta har ƙarshe: Lucile ta ƙi. Ta ja da baya daga Bruno, ta ɓoye manomin da ya kashe sojan Jamus, shi kuma aka tura shi fagen daga na Rasha. Marubuciyar ta yarda zuciya na karkata, amma ba ta ɗaura musu aure ba, ba ta kuma wanke kakinsa ba. Sannan Lucile a gidanta take, tana iya rufe ƙofa. Hadassah kuwa fursuna ce a hannun mutumin da sa hannunsa ke cika jirgin Auschwitz. Wadda rayuwarta ke hannun mutum, idan ta ce masa to, wa ya san ko so ne ko tsoro? Kuma wa ya ba marubuciya ikon yafe masa a madadin waɗanda ke cikin jirgin? Ko a addini, haƙƙin wani ba ya faɗuwa don mai laifi ya samu wadda ta ƙaunace shi.

Suka ƙara da cewa idan za a gyara abokin gaba ya dace da zama ango, dole a nemo mugu a wani wuri, kuma sau da yawa a cikin waɗanda aka zalunta ake samo shi. Captain Corelli's Mandolin na Louis de Bernières, na 1994, ya ba da labarin Pelagia, 'yar wani likita a tsibirin Kefaloniya na Girka, da kyaftin ɗin Italiya mai kaɗa molo. Saurayinta na farko, Mandras masunci, ya shiga dakarun sari-ka-noƙe na ELAS masu yaƙar mamaya, ya dawo azzalumi har ya nemi yi mata fyaɗe. Tsofaffin mayaƙan Girka sun fusata ƙwarai: ɗan mamaya ya fito da kiɗa da fara'a, ɗan ƙasa da ya ɗauki makami ya fito dabba.

Ko masu karatun da ke zuwa ziyarar wuraren tarihi da ake alfahari da su, a duba abin da ya kawo su. Bayan Outlander na Diana Gabaldon ya yi tashe, masoyansa sun riƙa tururuwa filin Culloden na Sikotilan, inda aka kashe mutum kusan 1,500 a 1746, suna ajiye furanni a dutsen dangin Fraser har ƙasar wurin ta zaizaye. Magoya baya na ganin an raya tarihin da aka manta. Masu suka na ganin an tattake kabarin gaske don wani Jamie Fraser, jarumin labarin, da bai taɓa rayuwa ba.

Idan yaƙin namu ne

Duk wannan yana da sauƙin tattaunawa muddin kabarin na wasu ne. Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie, wanda ya fito a 2006 ya ci kyautar Orange a 2007, ya kawo gardamar har gida. Soyayya ce ke jan labarin: Olanna da Odenigbo malamin jami'ar Nsukka, tagwaiyarta Kainene da Bature Richard. Yaƙin kuwa na Biyafara ne, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, wanda kakannin marubuciyar maza biyu suka rasu a cikinsa. A ƙasar da aka shafe shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantu, matasa da yawa a wannan littafi suka fara sanin kwashoko da harin jirage a kasuwa.

Mai karatu ɗan Arewa kuwa yakan tsaya cak a babin Kano. Kisan 1966 a Sabon Gari yana nan ɓaro-ɓaro, da gawar kawun Olanna da matarsa, da matar da ke cikin jirgin ƙasa riƙe da ƙwarya da kan 'yarta a ciki. Wasu na cewa gaskiya ce mai ɗaci, kuma marubuciyar ta yi adalci: Mohammed, tsohon saurayin Olanna, Bahaushe, shi ya lulluɓe ta ya fitar da ita daga gari. Ta kuma nuna dangin Olanna na yi wa mutuwar Sardauna dariya, abin da ita Olanna ba ta ji daɗinsa ba. Wasu kuma na cewa daren 15 ga Janairu 1966, da aka kashe Sardauna tare da matarsa Hafsatu, aka ɗauke Tafawa Balewa, an ji shi ne daga nesa ta rediyo, alhali raɗaɗin ɗaya ɓangaren an shigar da mai karatu cikinsa har wuya. Da Biyi Bandele ya mayar da shi fim, hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta jinkirta fitarsa daga Afrilu zuwa Agustan 2014. Tun kafin wannan, Chukwuemeka Ike ya taɓa wannan jijiya a Sunset at Dawn na 1976, inda matar jarumin Bahaushiya ce mai suna Fatima.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka jera littattafan nan, abu ɗaya na fitowa fili: ba kowanne ne ya ta da ƙura ba. Ba a yi wa The Bronze Horseman irin bore da aka yi wa For Such a Time ba, ko da yake duka biyun soyayya ce a tsakiyar gawawwaki. Ashe ba haɗa so da yaƙi ne ke ɓata wa mutane rai ba. A ganina, fushin na tashi ne idan aka ba soyayya aikin da ba nata ba, wato ta zama alƙali, ta sallami wanda hannunsa ke da jini ba tare da an saurari masu ƙara ba. A nan ina tare da masu suka ɗari bisa ɗari. Kanar ɗin Theresienstadt da kyaftin ɗin Wounded Knee ba su biya komai ba sai nadama, aka saka musu da amarya.

Abin da ya ɗaga littafin Adichie a idona shi ne ta ƙi yin wannan ciniki, ko da a ɓangarenta. Ugwu, yaron gidan da mai karatu ya fi ƙauna, an tilasta masa shiga sojan Biyafara, ya shiga cikin waɗanda suka yi wa wata yarinya mai aiki a mashaya fyaɗe, kuma babu abin da ya goge masa wannan har littafin ya ƙare. Kainene ta tsallaka layin daga neman kayan abinci a kwanakin ƙarshe, ba ta dawo ba, ba a ga gawarta ba. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe, suna son a gaya musu inda take. Haka dubban iyalai suke so a gaya musu tun 1970.

Amma ban yarda da masu suka ba idan suka ce ƙarshe mai daɗi shi kansa ƙarya ne. Lale da Gita sun yi aure, sun haifi ɗa, sun tsufa tare. Ƙorafin raini ma yana da ƙamshin gaskiya, domin an fi saurin ɗaga sanda a kan abin da mata ke karantawa.

Inda hujjojin suka yi kunnen doki a wurina shi ne batun kuskure da yawan masu karatu. Littafin Morris ya kai sunan Auschwitz ɗakunan da kundin masana ba zai taɓa shiga ba, ya kuma kai shi da lambar da ba daidai ba da hoton sansani mai sassauci fiye da na gaske. Zaidan ya sa dubbai son tarihin Musulunci, kuma tun a zamaninsa aka samu malaman da suka ƙi yarda a cusa ƙagaggun masoya a zamanin Sahabbai. Wanne ya fi, mutum ya san rabin abu cikin shauƙi ko ya zauna bai san komai ba? Amsar ta dogara ga abin da mai karatu ya yi bayan ya rufe littafin, ko ya nemi ƙari ko ya ɗauka ya gama sani, wannan kuwa ba ya hannun marubuci.

Akwai kuma tambayar da ke jiran marubutanmu. Kakanninmu sun je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka bar amare da 'yan matan da aka yi wa baiko. Bandele ya bi sojan a Burma Boy na 2007, labarin wadda ta zauna jira kuwa fili ne mai faɗi, kuma ba na jin wani zai ta da jijiyar wuya a kansa. Yaƙin basasa ne zai gwada mu. A ce marubuciyar Hausa ta ɗauki saurayi daga Zariya ko Gusau, wanda ya shiga soja da zafin kisan Janairu a ransa, ya bar budurwa tana ƙirga watanni. Labarinsa ya cancanci a ba da shi, kuma masu karatu a nan za su rungume shi. To idan rundunarsa ta bi ta Asaba a Oktoban 1967, inda sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan maza da samari fararen hula, ya za ta yi da wannan babi? Idan ta tsallake shi, ta yi abin da muke zargin wasu da yi mana. Idan ta sa shi a ciki, sai ta yanke ko za ta ɗaura masa aure a shafin ƙarshe, kuma mai karatu a Kano da mai karatu a Asaba ba lallai su karɓi hukunci ɗaya ba.